Jan Zaren Igiyar Mordecai

Ku yi mini afuwa, ku da kuka saba karanta rubutun manya. Ban taɓa rubuta labari ba sai yau, kuma ban tabbata na isa ba. Abin ne ya tsaya mini a rai, na ce bari in gwada. Inda na yi tuntuɓe, don Allah a ɗauke kai.

A daminar shekara ta dubu biyu da huɗu, akwai wata tela a kasuwar Sabon Garin Zariya mai suna Jemimah. Mace ce mara yawan magana, irin wadda ko a taron Zumuntar Mata sai an kira sunanta sau biyu kafin a ji muryarta. Mijinta Mordecai mai hawan itace ne. Shi ake kira in maɗaci ya miƙa reshe a kan rufin gida, ko dogon yaro ya rungumi wayar lantarki. Ya hau can ƙololuwa, ya sare abin da ya kamata a sare, ya zuro shi ƙasa a hankali ba tare da ya lotsa kwano ko ɗaya ba. Shekararsa goma sha tara a wannan aiki, bakwai na ƙarshe a wani ɗan kamfani da ke kula da itatuwan gidajen ma'aikata a Samaru.

Kayan hawansa nasa ne na kansa: ɗamara ta fata mai faɗi da yake ɗaurawa a ƙugu, da igiya gaba ashirin. Duk ranar Asabar da yamma sukan shimfiɗa tabarma a tsakar gida su warware igiyar a kai. Tafin hannun Mordecai ya yi kanta har ba ya jin ƙananan abubuwa, don haka Jemimah ce ke bin igiyar da yatsu daga wannan baki zuwa wancan, kamar yadda take bin yadi tana neman inda saƙa ta kuskure. Inda ta ji abin da bai kwanta mata ba, sai ta ɗinka jan zare a wurin, don a riƙa sa masa ido. In ja ya kai uku a cikin gaba ɗaya, a yanke wannan yanki a yar. Ba wanda ya koya mata haka. Tsoro ne ya koya mata, tun shekarar da suka yi aure.

Wata Juma'a da rana tsaka tana kan keke tana haɗa wuyan riga, sai inuwa ta rufe mata haske. Ta ɗaga kai ta ga mijinta tsaye a bakin rumfa, igiyarsa a naɗe a kafaɗa.

"Baban Julius, lafiya da rana haka?"

"Lafiya lau."

"Wannan lafiyar taka ba ta yi kama da lau ba. Zauna."

Ya zauna a bencin masu jiran ɗinki, ya ɗora igiyar a cinya, ya fara ba ta labari. Sabon manajansu ne, Oga Kayode, wanda aka turo wata biyu da suka wuce. Ya zo da kayan hawa na kamfani har kashi huɗu: hular kwano, ɗamara mai madaurin cinya da ƙugiyoyin ƙarfe, da igiyoyi farare sababbi fil. A sito ake ajiye su, da safe kowa ya ɗauki wanda hannunsa ya faɗa a kai. Mordecai ya ci gaba da hawa da nasa, Oga ya yi magana sau ɗaya, ya yi sau biyu. Yau kuma ya yanke: daga Litinin, ko ya bar igiyarsa a gida ya zo, ko ya zauna a gidan tare da ita.

Jemimah ta cire ƙafa daga kan keke. Gaskiyar magana, ta taɓa ganin sabuwar ɗamarar a jikin wani abokin aikinsa, kuma ta yi sha'awarta. Ta kama ƙugu ta kama cinya, ko jiri ya ɗebi mutum a sama ba zai zame ya fita ba. Ta mijinta kuwa a ƙugu kaɗai take, fatarta ma ta fara gajiya.

"To ka karɓa mana," ta ce a hankali. "Tasu ta fi taka riƙe mutum. Kai ma ka sani."

"Ɗamarar ba ni da ja da ita. Igiyar ce."

"Ba sababbi ba ne?"

"Sababbi ne ranar da aka kawo su." Ya matso, ya rage murya. "Ranar Laraba, da idona na ga Tunde direba ya ɗauko ɗaya. Motarmu ta kafe a taɓon Palladan, ya ɗaura mata, tifa ta fizgo ta. Ya wanke igiyar tas, ya shanya, ya mayar sito. Yanzu huɗun duk farare ne. Ke kin san wacce ce? Ni ban sani ba."

"Ka faɗa wa Ogan!"

"In faɗa a kori Tunde? Matarsa jego take yi. Na dai gaya wa abokin hawana Chuks da ɗayan mai hawan, kuma tun daga ranar, da tsani suke aiki. Amma Litinin akwai babban maɗacin nan da iska ta tsaga wa reshe. Tsani ba ya kai wa can."

"To ka yi wa Ogan bayani ta wata hanya."

Fuskarsa ta ɗaure. "Ba ni da sauran magana da mutumin nan." Ya miƙe ya saɓa igiyarsa. Ta san wannan tafiyar tasa, ta mutumin da aka taɓa wa wani wuri ce, amma bai faɗi wurin ba, ita kuma ba ta tambaya a gaban maƙwabtan rumfa ba.

Ranar Asabar ba a shimfiɗa tabarma ba. Ranar Lahadi ya yi waƙa a sahun mawaƙa kamar kullum, ana tashi ya wuce gida ba tare da ya tsaya gaisawa ba. Jemimah ta tsaya sayen gasasshiyar masara a bakin titi, sai ta ji an ce daga bayanta, "Matarmu, a sayi biyu, ƙaninki ma bai karya ba."

Chuks ne, abokin hawan mijinta, yana dawowa daga tasu majami'ar. Iyayensa daga gabas suka zo, amma a Sabon Gari aka yanke masa cibiya, kuma in yana zuba Hausa ba ka ce ya san wani harshe ba.

"Kai kullum ba ka karya ba. Yaushe za ka yi aure ka bar mu mu huta?"

"Ranar da na sami mai duba mini igiya irinki." Ya karɓi masarar, dariyarsa ta ɗan ja baya. "Ya gaya miki abin da Oga ya ce masa kuwa?"

"Ya ce an hana shi hawa da kayansa."

"Iyakarta ke nan? To ai bai gaya miki komai ba. Oga cewa ya yi asiri ne."

Jemimah ta tsaya da tauna.

"Wallahi kuwa. Kin san halin mijinki, ba a tsallake masa igiya. Ran nan ya shimfiɗa ta, Oga ya zo da takalminsa zai ƙetare, mutuminki ya daka masa tsawa a gaban lebura. Oga ya ja baya, ya duba, ya ga jan zare nan da can a jikin igiya. Sai ya je ya tambayi tsoho maigadi, wai mene ne sunan abin nan da Mordecai ke ɗaurawa a ƙugu. Tsoho ya ce ɗamara. Oga ya ce, mece ce ɗamara? Kin san tsohon nan ɗan tauri ne a zamaninsa. Ai sai ya gyara zama! Ya ce ɗamara ita ce wadda in namiji ya ɗaura wuƙa ba ta cinsa, ya faɗo daga kan giginya ya tashi ya kaɗe wando. Har da cewa ai Mordecai ba ƙaramin shiri gare shi ba. Shi fa a ganinsa yabo yake yi."

"Wayyo ni!"

"Oga kuwa dikin ne a cocinsu. Ya kira mijinki ofis, ya ce shi ba za a yi masa tsafi a wurin aiki ba. Mutumin da ya shekara ashirin yana waƙa a gaban bagadi! Ya juya kawai ya fita."

Ta iso gida ba ta san ta inda ta bi ba. Zaren nata ne. Ita ta zaɓi ja don ya fi fita a ido, ragowar wani ɗinkin anko ne ma. Ta dubi mijinta yana zaune a ƙofar ɗaki yana wasa addarsa, ta buɗe baki, ta rufe. Ta san in ta ce ta ji, kunya za ta ƙaru a kan fushi.

Litinin da sassafe ya sa kayan gida, ya ɗauki rigar ruwa da takalman roba na kamfani ya ce zai je ya mayar musu da abinsu. Igiyar ya bar ta a rataye. Jemimah ta tsaya tana kallonta har ruwan kokon da ta ɗora ya ƙone. Ita da ko mai gidan haya ba ta iya haɗa ido da shi, ina ita ina ofishin manaja? Ta sauke tukunya. Ta naɗe igiyar ta cusa a buhu tare da ɗamarar, ta soke allura a ɗankwali, ta kwashi ƙullin zare ta fita.

A cikin bas ɗin Samaru ta yi ta shirya maganar da za ta faɗa. Kafin su wuce Palladan ta haddace ta tsaf, suna isa Samaru ta nemi ko kalma ɗaya ta rasa.

Ba ta sha wahalar gane wurin ba, maɗacin ya fi duk gidajen layin tsawo. Wani reshe mai kaurin jikin mutum ya tsage daga gindinsa ya rataya a kan rufin wani gida, matar gidan ta fito da yaranta waje tana ta kallon sama. An jera kayan kamfani a kan tamfol. Chuks ya sa sabuwar ɗamara yana tsaye a gaban igiyoyin nan huɗu, yau babu wasa a bakinsa. Tunde direba ya jingina da mota yana kallon ƙasa. Mordecai na gefe da rigar ruwa a ninke a hannu, yana jiran wani dogon mutum mai tabarau ya gama magana da lebura.

Shi ya fara ganinta. "Maman Julius! Me ya kawo ki?"

Ba ta tsaya ba, don in ta tsaya ba za ta iya ci gaba ba. Ta wuce gaban mai tabarau ta rusuna.

"Ranka ya daɗe, ina kwana."

"Lafiya, Madam. Me kana so?" Hausar Oga Kayode ta kasuwa ce, mace da namiji duk ka ne a wurinsa.

"Ni ce... ni ce mai zaren."

"Wane zare?"

Ta kwance buhu, ta zaro igiyar ta shimfiɗa a gefen tamfol. Lebura suka matso. Ta kama wuri na farko mai ja.

"Wannan, bara ne, a Shika. Reshe ya fizge ta da nauyi, nan wurin ya ɗan miƙe. Taɓa ka ji, ranka ya daɗe, ya fi sauran siranta." Muryarta ta fara zama. "Wannan kuma bakin adda ne ya shafe shi. Wannan, ta gogi katanga. Ba komai a ciki, zaren ɗinki ne, na keke. Ina sa shi ne don kada mu manta inda igiya ta ji ciwo."

Oga Kayode ya tsuguna. Ya murza wurin da yatsa, ya murza gefensa, ya sake komawa. Ya cire tabarau ya goge.

"To tsallakawa fa? Don me ya yi mini ihu kamar na taka kabari?"

"Yashi ne. Mai tsallakawa wata rana zai taka. Yashin takalmi in ya shiga cikin saƙa, yana cinta daga ciki, ba a gani."

"Ɗamara kuma," in ji Chuks, "ko ta wandonka, Oga, sunanta ke nan. Tsoho ne ya ƙara mata gishiri."

Lebura suka fashe da dariya. Tsoho maigadi daga bakin ƙofa ya ce shi dai abin da ya sani ya faɗa. Oga Kayode bai yi dariya ba. Ya dubi Mordecai.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Ba ka tambaye ni ba, Oga. Maigadi ka tambaya."

Oga ya miƙe, ya sa hannu a ƙirji. "Na yi kuskure. Ka yi haƙuri, Baba Mordecai." Sannan ya nuna tsohuwar ɗamarar fatar da ta fito daga buhu tare da igiyar. "Amma doka tana nan. Wannan ya tsufa. In ka faɗi, ni zan je gidanka in gaya wa Madam. Ni ba na so. Kayan kamfani sabo ne, an gwada shi."

Jemimah ta wanke sunan mijinta, amma aikin na nan inda yake, a bakin ƙofa. Ta dubi igiyoyin nan farare, ta dubi Chuks.

"Ranka ya daɗe, ko zan iya taɓa naku?"

Ya ɗaga kafaɗa. Ta zauna a kan tamfol ta jawo ta farko. Ta rufe ido ta bi ta gaba bayan gaba, kowa na tsaye yana kallo, har ta kai ƙarshe. Lafiya lau. Ta biyu ma haka. Rana ta fara zafi, wani lebura ya yi hamma. A ta uku, wajen gaba na shida, yatsunta suka tsaya. A ido fara ce sumul kamar sauran. A hannu kuwa wurin ya yi tauri ya baje, gaba da shi kaɗan kuma ya yi laushi kamar babu komai a ciki.

"Wannan kada kowa ya hau da ita."

"Sabo ne, Madam."

"A yanka nan a gani. In na yi ƙarya, a hukunta ni."

Oga ya karɓi wuƙa daga hannun Chuks ya tsaga rigar igiyar. Zaruruwan ciki sun tsintsinke fiye da rabi, sauran sun manne da juna kamar an gasa su. Chuks ya leƙa, ya yi alamar gicciye, ya koma ya zauna a ƙasa.

"Wa ya yi wannan?" Muryar Oga ta canza. "Wa ya yi?"

Jemimah ba ta dubi wajen mota ba, ko da wutsiyar ido.

"Madam, kai ka sani?"

"Igiyar ba ta faɗi suna ba, ranka ya daɗe. Ta dai ce an ja abin da ya fi mutum nauyi da ita. Kuma ba laifin mutum ɗaya ba ne. Abin da ke sito na kowa ne, wanda ya ɗauka yau ba shi zai rataya a jikinsa gobe ba." Ta ji ta yi magana da yawa, ta sunkuyar da kai. "Ni dai abin da na gani ke nan."

Oga Kayode ya yi ta juya guntun igiyar a hannu. Ya dubi reshen da ke lilo a kan rufi, ya dubi masu hawansa uku, ya dubi kayan da suka rage, kashi uku.

"To," ya ce. "Kayan kamfani za a hau da shi, wannan ban canza ba. Amma daga yau ba na sito ba ne. Kowa da nasa. Kai ka ajiye, kai ka duba, ba mai taɓa na wani. Ya lalace, ka kawo, in canza. Baba Mordecai, ka yarda?"

Mordecai ya ajiye rigar ruwan a kan tamfol, ya ɗauki sabuwar ɗamara ya jujjuya ta.

"Ta ina ake sa ƙafa a abin nan?"

Chuks ya yi tsalle ya miƙe. "Zo in koya maka, tsoho! Yau ni ne malaminka. Shekara bakwai kana kirana ɗan koyo!"

"Rufe mini baki ka riƙe nan."

Jemimah ta gama bin igiya ta huɗu, ta same ta lafiya. Ta zare allura daga ɗankwali ta ɗinka alama a bakin kowace igiya don kada su cakuɗe: shuɗi na mijinta, kore na ɗayan mai hawan. Chuks ya ce shi ruwan ɗorawa yake so, don 'yan matan Samaru su hango shi daga nesa, kuma ta shirya, ranar Asabar zai zo da igiyarsa da cikinsa. Oga ya tambaya ko za ta nuna wa sauran yadda ake ji da yatsa. Ta ce to, a ƙasan maƙoshi, ba ta tabbata ya ji ba.

Mordecai ya ɗauki tsohuwar igiyarsa. Ya shafa ta sau ɗaya, ya naɗe, ya taka har wurin mota ya jefa ta a baya.

"Tunde, ga wannan. Damina ce, mota takan kafe."

Tunde ya kama hannunsa da hannu biyu.

Daga nan Mordecai ya sa hular kwano, wadda ta ɗan yi masa yawa, ya wurga igiyarsa mai shuɗin zare ta saƙale a reshe na farko. Ya ja ta sau biyu, ya saki nauyinsa a cikin sabuwar ɗamara, ya ɗan yi lilo yana jin yadda ta riƙe shi. Wani abu mai kama da murmushi ya gifta a fuskarsa. Ya fara hawa.

Kowa ya ɗaga kai sama, Oga da lebura da matar gidan da yaranta, har tsoho maigadi ya baro ƙofarsa ya zo yana cewa ai ya gaya musu. Jemimah ta tattara zarenta, ta ninke buhun da ba komai a ciki, ta bi ta bayan mota ta fice ta ƙaramar ƙofa. Ba wanda ya waiwayo.